Babi na Huɗu: Ɗankwalin Coci da Hijabin Masallaci

Wai shin rufe kai na Musulmi ne kaɗai?

Tambaya ce da ake yawan ji a garuruwan da Musulmi da Kirista ke zaune gida da gida, irin su Kaduna da Jos da Yola, kuma kowane ɓangare da sigar da yake yin ta. Musulmi yakan ga maƙwabciyarsa ranar Lahadi ta ci ado, ta kafa ɗaurin ɗankwali ta nufi coci, ran Litinin kuma ya gamu da ita a tasha kitsonta a waje. Sai ya ce, idan addininta ne ya ce ta rufe, me ya sa ta buɗe yau? Idan kuma bai ce ba, me ya sa ta rufe jiya? Ita kuma Kirista takan dubi abokiyar aikinta a tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da ko inuwa ba ta da sanyi, sanye da hijabi har ƙasa, ta ce a ranta: wannan Allah ne ya ɗora mata, ko miji, ko idon gari?

Galibi ba don tsokana ake yin waɗannan tambayoyi ba. Abin da ke hana a sami amsa shi ne kowa a littafinsa ya tsaya. Musulmi da yawa ba su san akwai ayoyi 15 a jere cikin Sabon Alkawari da suka yi magana kan rufe kai ba. Kiristoci da yawa kuma ba su taɓa jin yadda ayoyin tufafi suka sauka ba, balle inda malamai suka haɗu da inda suka saɓa. Sai mu buɗe littattafan biyu, mu bi su a hankali.

Mayafi ya girmi masallaci, ya girmi coci

Fiye da shekara 1,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a daular Assuriya da ke arewacin Iraƙi ta yau, an rubuta doka kan allunan yumɓu game da lulluɓi. Matar aure da 'ya'yan 'yantattu dole su lulluɓe idan za su fita kan hanya. Baiwa da karuwa kuwa an haramta musu. Karuwar da aka kama da lulluɓi za ta sha sanda 50 a kuma zuba mata kwalta a ka, baiwa kuma a yanke mata kunnuwa. A can mayafi shaidar daraja ne, yana nuna wadda ke da masu tsaya mata da wadda ba ta da kowa.

Bani Isra'ila ma sun san shi. Littafin Farawa ya ba da labarin Rifkatu, da aka kawo ta aure, ta hango Ishaku a fili, nan take ta ja mayafi ta rufe kanta. Har yau matan aure Yahudawa masu riƙo da addini suna rufe gashi. Matan Girkawa da na Romawa kan ja mayafi bisa kai idan za su shiga jama'a. Matan Larabawa kafin Musulunci suna ɗaura mayafi a ka, su saki bakinsa ta baya, wuya da ƙirji a buɗe.

Ke nan addinan biyu tarar da mayafi suka yi. Abin dubawa shi ne ma'anar da kowanne ya ba shi, da iyakar da ya sa masa.

Wasiƙa zuwa Koranti

Koranti birnin kasuwanci ne a ƙasar Girka, mai tashoshin jiragen ruwa biyu, inda Romawa da Girkawa da Yahudawa da fatake daga ko'ina suke cakuɗe. Manzo Bulus ya yi wata 18 a can yana wa'azi har ya kafa ikilisiya. Bayan tafiyarsa, yana Afisa, labari ya iske shi cewa jama'ar sun rarrabu, ana rigima kan aure da abinci da yadda ake gudanar da sujada. Sai ya rubuta musu wasiƙar da ake kira 1 Korantiyawa, wajen shekara ta 54 miladiyya. A sura ta 11 ya zo kan batun kai.

Umarnin nasa kashi biyu ne. Namiji, idan zai yi addu'a ko annabci, ya bar kansa a buɗe. Mace kuma ta rufe. Ya tsananta har ya kwatanta wadda ta ƙi rufewa da wadda aka aske wa kai, abin da a zamanin babban abin kunya ne ga mace. Ya kawo dalilai da dama: tsarin shugabanci tsakanin Allah da Almasihu da namiji da mace, labarin halittar Adamu da Hauwa'u, kasancewar mala'iku, ɗabi'ar da ta sa dogon gashi ya zama ado ga mace, sai kuma abin da sauran ikilisiyoyi suke yi. A tsakiyar maganar ya tsaya ya tuna musu cewa mace ba ta wadatuwa da barin namiji, namiji ma haka, tunda kowane namiji mace ce ta haife shi.

Ɓangaren maza yana da tarihinsa. Manyan Romawa idan za su miƙa hadaya ga gumaka sukan ja gefen mayafinsu bisa kai. A Koranti ɗin kanta an tono mutum-mutumin Sarki Augustus da kai a lulluɓe irin na mai hadaya. Masana da yawa suna ganin Bulus yana raba Kirista da wannan ɗabi'a ne. Daga nan cire hula a coci ya samo tushe. Shi ya sa Bahaushe Kirista zai zo da babbar riga da hularsa zanna-bukar, a bakin ƙofa ya cire hular ya riƙe a hannu, a lokacin da ɗan'uwansa Musulmi ke laluben tasa kafin ya shiga sahu.

Abu uku ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, Bulus yana magana ne kan lokacin addu'a da annabci, wato lokacin ibada. Na biyu, ya ɗauka tun farko cewa mace tana buɗe baki a taron, tana addu'a ana ji, shi ya sa ma batun shigarta ya taso. Na uku, kusa da ƙarshe ya ce an ba mace dogon gashi domin ya zama mata abin rufi. Wannan aya ta 15 ita ce ƙofar da saɓani ya shigo ta cikinta daga baya.

Yadda coci ta riƙe, da yadda ta sassauta

Kiristocin farko ba su ɗauki maganar da wasa ba. Jim kaɗan bayan shekara ta 200, a birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, malamin nan Tartuliyan ya rubuta littafi guda kan lulluɓin 'yan mata. Matan aure ba a gardama a kansu, kowa ya yarda za su rufe, budurwa ce ake jayayya a kanta. Cikin hujjojinsa har ya kawo matan Larabawa na zamaninsa, waɗanda ba Kirista ba, masu rufe fuska su bar ido ɗaya, yana zaburar da matan cocinsa da misalinsu. Wannan kusan shekara 400 ke nan kafin zuwan Musulunci. Yohanna Kirisostom, mashahurin mai wa'azin Antakiya na ƙarni na 4, ya tafi a kan cewa mace ta rufe a kowane lokaci, ba sai a coci ba. Wanda ya dubi zane-zanen Maryam uwar Isa da masu zanen Kirista suka yi ƙarni bayan ƙarni, da wuya ya same ta ba mayafi.

Haka aka tafi har ƙarni na 20. Kundin dokokin cocin Katolika na 1917, a doka ta 1262, ya ce mata su shiga coci da kai a rufe da shiga ta kamala, maza kai a buɗe, ya kuma so a raba wurin zaman maza da na mata. A shekarun 1960 al'adar ta fara zubewa a Turai da Amurka, tare da sauyin da ya zo kan matsayin mata gaba ɗaya. Da aka fitar da sabon kundi a 1983, zamanin Fafaroma John Paul na Biyu, ba a maimaita dokar ba.

Yau Kiristoci sun kasu. Wasu na cewa umarnin yana nan daram, tunda Bulus ya jingina shi da halitta da mala'iku, abubuwan da ba sa sauyawa da zamani. A nan ake samun cocin Orthodox na Rasha, da na Habasha inda mata ke yafa farin mayafin da suke kira natala, da 'yan Amish da wasu 'yan Mennonite na Amurka da ke yini da 'yar hular addu'a a ka. Wasu na cewa gashin da kansa shi ne rufin. Wasu kuma na cewa al'adar Koranti ce, abin da ya rage wa Kirista na yau shi ne manufarta, wato kunya da ladabi.

A arewacin Najeriya riƙon ya fi ƙarfi fiye da ƙasashen da mishan suka fito. Shiga sujada a cocin ECWA ko COCIN ko EYN, musamman a karkara, za ka ga kawunan mata a ɗaure. Ita EYN ma, wadda aka fara a Garkida a 1923, ta fito ne daga wata ɗarika ta Amurka da aka san matanta da rufin kai na addu'a. 'Yan Zumuntar Mata kuwa ankonsu ba ya cika sai da ɗankwali. Cocin Deeper Life, da Fasto Kumuyi ya fara a Legas a 1973, an san matanta da ɗaurin kai da barin 'yan kunne da ƙin sa wando, suna kafa hujja da ayar Maimaitawar Shari'a da ta hana mace sa tufafin namiji. Ga kuma sistocin Katolika, waɗanda mayafi ya zama musu alamar sun ba da rayuwarsu ga Allah.

To ga amsar tambayar maƙwabcinmu. Ga yawancin Kiristocin da ke rufe kai, ɗankwalin ladabin wurin ibada ne da lokacinta, kamar yadda Musulmi ke tuɓe takalmi a ƙofar masallaci ya mayar idan ya fito. Wadda ta rufe ran Lahadi ta buɗe ran Litinin ba ta saɓa wa kanta ba, fahimtar cocinta take bi.

Ayoyin Madina

Annabi (SAW) ya yi shekara 13 a Makka bayan aiko shi ba a saukar da hukuncin tufafin mata dalla-dalla ba. Sai a Madina, wajen shekara ta 5 bayan hijira, ayoyin suka zo. Wato kusan shekara 18 ana gina imani da salla da haƙuri kafin a zo kan mayafi. Nana A'isha (RA) ta bayyana hikimar irin wannan jeri, kamar yadda Bukhari ya ruwaito: an fara da ayoyin Aljanna da wuta har zukata suka nitsu, sannan halal da haram suka biyo, don da an fara da hani da mutane sun ƙi. Iyayen da ke fara tarbiyyar 'ya da tsawon hijabi tun ba ta san wanda take rufewa dominsa ba, ya kamata su tsaya kan wannan.

Aya ta 31 cikin Suratun Nur ta umarci mata muminai su runtse ido, su kare mutuncinsu, kada su bayyana adonsu sai abin da ya bayyana bisa al'ada, su kuma jawo mayafan kansu su rufe wuyan riga da ƙirji. Sannan ta lissafa waɗanda ba a ɓoye musu ado: miji, uba, surukin da ya haifi miji, 'ya'ya, 'yan'uwa da 'ya'yansu, da sauransu. Mayafin da ma yana kansu, ayar ta gyara yadda ake yafa shi ne. A'isha ta yaba wa matan Muhajirai na farko cewa da ayar ta sauka, zannuwansu suka yaga suka lulluɓa da su, ba su jira zuwa kasuwa ba.

Aya ta 59 cikin Suratul Ahzab ta ƙara da babban mayafi na fita, ta kuma faɗi dalili: domin a gane su, kada a cutar da su. Masu tafsiri sun ruwaito cewa 'yan iskan gari kan tare mata da dare idan sun fita biyan buƙata, idan aka tsare su su ce sun zaci bayi ne. Daga nan wasu tsofaffin littattafan fiƙihu suka bambanta shigar 'ya da ta baiwa. Ibn Hazm na Andalus ya ƙi wannan bambanci da kakkausar murya, yana mai cewa addinin Allah ɗaya ne, halitta ɗaya ce, kuma cutar da baiwa haramun ne kamar cutar da 'ya. Ina ganin maganarsa ta fi kusa da ruhin ayar. Abin da Assuriyawa suka mai da gatan masu gata, Musulunci ya nufe shi da zama kariya.

Mazhabobi huɗu sun haɗu kan cewa mace baliga za ta rufe gashinta da jikinta a gaban wanda ba muharraminta ba, da tufa mai kauri da yalwa wadda ba ta nuna fata ko siffanta jiki. Akwai marubutan zamani ƙalilan masu ganin ayoyin sun tsaya ga ƙirji, amma wannan ba matsayin mazhabobin ba ne. Saɓanin malamai na gaske yana kan fuska da tafin hannu. A Malikiyya, wadda ita ce mazhabar ƙasar Hausa, ba al'aura ba ne, ko da yake wasu sun ce a rufe idan ana tsoron fitina. Hanbalawa da yawa sun wajabta niƙabi. Ko a ƙarnin da ya wuce, Shaihu Bin Baz ya tafi a kan wajibci, Shaihu Albani ya rubuta littafi yana cewa abin so ne ba dole ba, kuma ba wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga sunna saboda haka. Mai ihrami ma an hana ta sa niƙabi da safar hannu. Ita kuma tsohuwar da ta wuce sha'awar aure, aya ta 60 cikin Suratun Nur ta yi mata rangwamen ajiye mayafin waje, muddin ba nuna ado take nufi ba.

Ba a ƙayyade launi ba, ba a ƙayyade ɗinki ba. Laffayar Barno da tob ɗin Sudan da abayar Makka da babban mayafin Hausa, duk wanda ya cika sharuɗɗan nan ya wadatar.

Mahaɗa da mararraba

Bambancin a fili yake, kuma ɓoye shi ba ya cikin girmama juna. A Musulunci rufe kai hukunci ne da ke bin mace kasuwa da ofis da makaranta, kuma malamai sun haɗu a kansa. A Kiristanci nassin ya ta'allaƙa da ibada, kuma ɗariku sun saɓa kan ko yana aiki har yau. Dalilan ma ba ɗaya ba ne: Bulus ya fi jaddada tsari da girmamawa a gaban Allah, Alƙur'ani ya fi jaddada kamewa da kariya a cikin jama'a. Don haka Musulmin da ke karanta wa Kirista 1 Korantiyawa don ya nuna mata ta bar addininta, ya ɗora wa ayar abin da cocinta ba ta fahimta haka ba. Kiristan da ke cewa hijabi al'adar Larabawa ce kawai, shi ma bai saurari abin da Musulma ke faɗa game da kanta ba.

Amma akwai wurin da suka haɗu, kuma wuri ne mai girma. Musulma ko ita kaɗai ce a ɗaki, ƙofa a kulle, tsakar dare, idan za ta tayar da salla sai ta rufe kanta. Hadisi ya zo cewa ba a karɓar sallar baliga sai da mayafi, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce mafi ƙarancin abin da za ta yi salla da shi riga ce mai kauri da ke rufe bayan ƙafa, da mayafin kai. A wannan ɗaki ba namijin da ake ɓoye wa komai. Abin da take yi shi ne abin da 'yar Zumunta ke yi idan ta gyara ɗankwali kafin ta durƙusa: dukansu suna jin cewa tsayawa gaban Mahalicci yana da shigarsa.

Rabin da ake tsallakewa

Littattafan biyu sun faɗi wasu abubuwa biyu da masu wa'azi ba su cika daɗewa a kansu ba.

Na farko batun alfahari da kaya ne. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti da wasiƙar Bitrus ta farko, da suka zo kan adon mata, abin da suka fi kokawa da shi shi ne zinariya da lu'ulu'u da kitso na ƙawa da tufafi masu tsada. Suka ce adon mace mai tsoron Allah kyawawan ayyuka ne da sanyin hali. Alƙur'ani a Suratul A'araf, bayan ya ambaci tufar rufe tsiraici da ta ado, ya ce tufar taƙawa ita ce mafi alheri, kuma hadisi ya yi gargaɗi kan tufar neman suna. Yanzu a dubi bukukuwanmu. Ana iya rufe jiki ruf da leshin da kuɗinsa zai ciyar da gida wata uku. Ana yanka anko mai tsadar da 'yar'uwa talaka za ta ƙi zuwa bikin ƙanwarta don kunya. Ana fasa aure kan akwatunan lefe. A coci ma akwai matar da ke zama a bencin baya ran Kirsimeti don atamfarta ta bara ce. Mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya san cewa a wannan gasa ba a tambayar addinin mai saye. Wannan ma rashin kamala ne a shiga, ko da gashi ɗaya bai fito ba.

Na biyu batun idon namiji ne. Ayar da ta umarci mata a Suratun Nur ita ce ta 31. Ta 30, wadda ta riga ta, maza ta umarta su runtse ido su kame kansu. A hajjin bankwana, wata budurwa daga ƙabilar Khas'am ta zo yi wa Annabi (SAW) tambaya, Fadlu ɗan Abbas yana goye a bayansa kan raƙumi, ya kafa mata ido. Annabi ya sa hannu ya juyar da fuskar saurayin, ya ci gaba da amsa mata tambayarta. A Linjilar Matiyu, sura ta 5, Yesu ya ɗora laifin kallon sha'awa kan mai kallon, ya ce ya riga ya yi zina a zuciyarsa, ya kuma ce gara mutum ya rasa idon da ke kai shi ga zunubi. Ba a ba namiji a ko'ina izinin cewa shigarta ce ta ja shi ba. Duk lokacin da aka ci zarafin yarinya, jama'a suka fara da tambayar me ta sa, an juya wa littattafan nan biyu baya. Mun kuma san ana cin zarafin masu hijabi har ƙasa, da yaran da ba su kai shekarun ɗaura ɗankwali ba.

Daga gyale zuwa hijabi

A ƙasar Hausa rigima kan mayafi ba yau ta fara ba. A ƙarshen ƙarni na 18, da Sarkin Gobir Nafata ya ga jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na ƙaruwa, cikin dokokin da ya kafa har da hana maza naɗa rawani da hana mata yin lulluɓi. Ya gane cewa tufa kan zama tutar jama'a. Bayan 'yan shekaru, a 1804, Shehu da jama'arsa suka yi hijira zuwa Gudu. Sai dai Shehun da ya yi kira ga lulluɓi shi ne kuma, a littafinsa Nurul Albabi, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, ya bar mata su halarci wa'azinsa duk da sukar da ya sha. 'Yarsa Nana Asma'u ta naɗa matan da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa da jan rawani, suna bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. A wurinsu rufe kai da buɗe ƙwaƙwalwa tafiya ɗaya suke yi.

Hijabin da ake ɗinkawa a zura ta ka kuwa sabon abu ne a nan. Kakanninmu zane da riga da kallabi suka sani, da gyale ko mayafi idan za a fita unguwa. Hijabin ya bazu ne daga ƙarshen shekarun 1970, ta hanyar makarantun Islamiyya na matan aure, da ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, da ɗalibai Musulmi a jami'o'i, da tasirin juyin Iran na 1979. Da farko wasu iyaye kallon alamar ƙungiya suke yi masa, har a yi faɗa a gida. Yau 'yar Tijjaniyya da 'yar Ƙadiriyya da 'yar Izala duk suna sa shi, daga Kano har Maraɗi da zangon Kumasi. Ga mata da yawa shi ya buɗe ƙofar kulle, domin mijin da ba zai bar matarsa ta fita da gyale ba ya bar ta ta je makaranta da asibiti da wurin aiki da hijabi.

Abin baƙin ciki ya zo ne da rikice-rikicen Kafanchan a 1987 da Kaduna a 2000 da Jos a 2001. A irin waɗannan ranaku tufa ta zama shaidar da ake dubawa a kan hanya kafin a ce wuce ko tsaya. Tun daga nan mayafi ya ɗauki nauyin da ba nasa ba. Kirista da ta saba yafa gyale kamar kowace 'yar arewa ta fara tunanin ko za a ce ta musulunta. Musulma a wasu unguwanni ta fara naɗe hijabi a jaka sai ta tsallaka. Iyaye Musulmi na kuka ana korar 'ya'yansu daga ƙofar makaranta saboda hijabi, shugabannin Kirista na kuka ana matsa wa nasu su sa shi a wasu makarantun gwamnati. Kukan biyu duk na gaskiya ne, kuma a duka biyun yarinya ce 'yar shekara 12 ko 13 ke tsaye a rana tana jiran manya su gama.

Daga nan batun ya bar hannun limami da fasto ya koma na hedimasta da gwamna da alƙali. Shari'ar hijabi ta makarantun Legas ta faro daga babbar kotun jiha, wadda ta goyi bayan hanin a 2014, ta bi ta kotun ɗaukaka ƙara a 2016, sai a Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai 'yancin sawa. A Disambar 2017 an hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja saboda hijabinta, sai a 2018 aka rantsar da ita da shi. A 2021 gwamnatin Kwara ta rufe makarantu 10 a Ilorin kan wannan rigima. A ƙasashen waje ma, Faransa ta hana hijabi a makarantun gwamnati tun 2004, Iran kuma tana hukunta wadda ta cire. Babi na gaba zai shiga waɗannan shari'o'i ɗaya bayan ɗaya, ya duba abin da sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya tanada, da kuma wanda ke da ta cewa a makarantar da mishan ta gina amma gwamnati ke biyan malamanta.